Yadda Ake Auna Homon na Sitiroyid a Jini da Na'urar LC-MS/MS

A ɗakunan gwaje-gwaje na asibitocinmu na Bauchi da kewaye, galibin gwajin homon ana yin sa ne ta hanyar imunoase, wadda ke amfani da sinadarin garkuwar jiki domin ya kama homon ɗin da ake nema. Hanya ce mai sauri da sauƙin kuɗi, kuma idan testosteron ɗin namiji baligi ake son aunawa, yawanci tana ba da abin da likita zai iya aiki da shi. Rauninta yana bayyana ne inda homon ya yi ƙaranci ƙwarai, ko inda wani sinadari mai kama da shi ya yi yawa a jini, kamar testosteron a jikin mace ko yaro, estradayol a jikin namiji ko matar da ta daina haila, 17-OHP (sinadarin da jiki ke bi ta kansa wajen ƙera kotisol) a jinin jariri sabon haihuwa, da kotisol a jinin mai shan maganin firednisolon. Duk homon na sitiroyid daga kolestarol jiki ke ƙera su, duk suna da zobba huɗu iri ɗaya a gininsu, kuma abin da ya raba wannan da wancan ɗan ƙanƙani ne, shi ya sa sinadarin garkuwar yakan kama wanda ba shi aka aike shi ba. Tun a shekarar 2007 ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta fitar da matsaya kan raunin gwajin testosteron, kuma a 2010 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta fara shirin daidaita gwajin tsakanin ɗakunan gwaje-gwaje. Hanyar da aka fi amincewa da ita a yau ita ce LC-MS/MS, wato a fara rarrabe sinadaran da ke cikin ruwan jini a kolom, wani siririn bututu da kowane sinadari ke fitowa daga cikinsa a lokacinsa, sannan a auna nauyin ƙwayoyinsu da na gutsattsarinsu.

Abin da nake son abokan aiki su riƙe tun daga farko shi ne cewa na'urar nauyi take aunawa, kuma duk tsadarta ba ta gyara abin da aka ɓata kafin samfur ya shiga cikinta. Saboda haka bayanin nan ya shafi mai zama gaban na'urar, ya kuma shafi wanda aikinsa ɗibar jini ne kawai da aika shi wani gari.

Lokacin ɗibar jini shi ne mataki na farko. Kotisol yana kai ƙololuwa da sassafe, ya riƙa sauka har tsakar dare, don haka an saba ɗibarsa wajen ƙarfe 8 na safe. Testosteron na maza shi ma da safe ake ɗibarsa, tsakanin ƙarfe 7 da 11, kafin a ci abinci, domin cin abinci yana saukar da shi, kuma ba a yanke wa namiji hukuncin ƙarancin testosteron sai an ga hakan a safiya biyu daban-daban. Firojesteron, idan ana son tabbatar da cewa mace ta saki ƙwai, ana ɗibarsa kwana 7 kafin ranar da take sa ran haila, wanda ya zo daidai da rana ta 21 ga mai zagayen kwana 28 kaɗai. Wadda zagayenta kwana 35 ne, ranarta ita ce ta 28, kuma mata da yawa an gaya musu ba sa sakin ƙwai alhali jinin ne aka ɗiba da wuri. 17-OHP na mace baliga da safe ake ɗibarsa a kwanakin farko na zagayen haila. Aldosteron kuma yana canzawa da tsayuwa ko kwanciya da yawan gishirin da ake ci da magungunan hawan jini, don haka dole a rubuta yanayin da majiyyaci yake ciki. Tun da zagayen kotisol yana bin barci da farkawa, mai aikin dare da mai azumin Ramadan da ke tashi sahur ya kamata a rubuta halinsu a takardar neman gwaji.

Tambayar magunguna ita ce wadda aka fi sakaci da ita, kuma a wurinmu ta fi kowace muhimmanci. Mata da yawa suna shafa man bilicin mai ɗauke da kilobetasol ko betametason, wasu suna shan deksametason da suka saya a kemis domin su yi ƙiba, wasu kuma an yi musu allurar sitiroyid a gwiwa saboda ciwon gaɓoɓi. Duk waɗannan suna danne kotisol ɗin da jiki ke samarwa. Ƙwayar tsarin iyali mai estirojin kuma tana ƙara furotin ɗin da ke ɗaukar kotisol a jini, sai jimillar kotisol ta hau ba tare da wata cuta ba, haka ma juna biyu. Majiyyaciya ba za ta kira man shafawarta magani ba, don haka a tambaye ta a keɓe, cikin mutunci, da sunan abin: «Hajiya, wane mai kike shafawa? Akwai wata ƙwaya da kike sha domin jiki ya murje?» Idan za ta iya kawo kwalbar ko kwalin a gani, ya fi.

A ɗebi jinin a kwalba mai jan murfi wadda ba ta da jel a gindinta, domin an sha ganin jel ɗin wasu kwalabe yana sakin abin da ke rikita awon testosteron a wannan na'ura. A bar shi ya daskare kamar minti 30, a juya shi minti 10 a santirifuj, injin da ke raba ruwan jini da ƙwayoyinsa, a kwashe siram ɗin, wato ruwan da ya taso sama, zuwa wata kwalba mai tsabta cikin awa biyu. Wannan gaggawa tana da dalili, domin jajayen ƙwayoyin jini suna da enzayim da ke mayar da androstenedayon ya koma testosteron, kuma zafi yana hanzarta aikinsa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kai digiri 40, jinin mace da aka bari a kan benci tun safe har la'asar zai iya nuna testosteron ɗin da ba nata ba. Siram ɗin da aka raba yana zama lafiya kwanaki kaɗan a firji tsakanin digiri 2 da 8, kuma watanni a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Idan za a aika shi nesa, a daskarar da shi tukuna, a sa shi a kula mai isasshiyar ƙanƙara, a rubuta ranar ɗiba da awar ɗiba a jikin kwalbar kanta, a kuma guji narkar da shi da sake daskarar da shi sau da yawa.

Da samfur ya iso gaban mai gwaji, abu na farko da zai zuba a cikinsa shi ne ma'aunin ciki, kuma a ganina a nan ne ƙarfin wannan hanya yake gaba ɗaya. Ma'aunin ciki shi ne homon ɗin nan da ake nema, amma wanda aka ƙera da wasu ƙwayoyin zarra masu nauyi, ko dai haidirojin mai nauyi da ake kira dutiriyam, ko kabon-13. Testosteron mai kabon-13 guda uku yana yin duk abin da testosteron na jiki ke yi, yana narkewa inda yake narkewa, yana ɓacewa inda yake ɓacewa, yana fitowa daga kolom a lokaci guda da shi, sai dai ya fi shi nauyi da maki uku, don haka na'ura tana ganin su daban. Idan aka yi asarar kashi 30 cikin 100 na homon wajen tacewa, an yi asarar kashi 30 na ma'aunin ciki ma, kuma tun da rabon da ke tsakanin su biyun ake lissafi da shi, sakamakon ba ya canzawa. Wannan yana aiki ne kawai idan an zuba shi tun farko, adadi ɗaya a kowace kwalba, da fifet ɗin da aka tabbatar da daidaitonsa, aka girgiza, aka bar shi minti 10 zuwa 15 domin ya gauraya da furotin ɗin siram kamar yadda homon na jiki ya gauraya. A zaɓi wanda ya fi na asali nauyi da aƙalla maki uku. Inda kuɗi ya isa, mai kabon-13 ya fi, domin mai dutiriyam da yawa yakan riga na asali fitowa daga kolom da ɗan lokaci kaɗan, kuma wannan ɗan lokacin yana iya sa su biyun su gamu da yanayi daban a bakin na'ura. Kowane homon da ake aunawa ya kamata ya sami nasa ma'aunin.

Daga nan sai tacewa. Hanyar da ta fi dacewa da ɗakin gwaji mai ƙaramin ƙarfi ita ce ta ruwa da ruwa. A ɗauki maikirolita 200 na siram mai ma'aunin ciki, a zuba mililita 1 na sinadarin MTBE, a girgiza sosai minti 5, a juya a santirifuj. Sitiroyid masu son mai ne, sai su haura cikin MTBE da ke sama, su bar furotin da gishiri a ƙasa. A kwashe na saman a hankali, ko a daskarar da na ƙasan a tsiyaye na saman, a busar da shi da iskar naitirojin a zafin digiri 40, sannan a narkar da abin da ya rage da maikirolita 100 na metanol da ruwa rabi da rabi. MTBE yana tafasa a digiri 55 kuma yana kama wuta da sauri, don haka a yi aikinsa a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, nesa da duk wata wuta. Homon ɗin DHEAS ba ya bin wannan hanya sosai saboda salfet ɗin da ke jikinsa yana riƙe shi a ruwa, amma tun da yana da yawa a jini, ya isa a kwantar da furotin da metanol ko asetonaitirail a auna shi. Akwai kuma tacewa da ƙananan katirij na SPE, wadda ta fi tsabta ta kuma fi tsada. Kwantar da furotin kaɗai shi ne mafi sauƙi, amma yana barin kitsen fosfolifid a samfur, kuma wannan kitse yana danne siginar homon a cikin na'ura, don haka ban ga dacewarsa ga testosteron na mata ko estradayol ba.

Rarrabewa a kolom ita ce matakin da masu gaggawa suke gajartawa, su kuwa suka fi yin nadama. Sikelin ɗan kasuwa a Muda Lawal zai gaya maka nauyin buhu, amma buhun gero da na dawa masu nauyi ɗaya duk ɗaya ne a wurinsa, kuma haka na'urar take da sitiroyid. Testosteron da efitestosteron da DHEA duk nauyinsu 288 ne. 17-OHP da 11-diyoksikotikosteron duk 330 ne. Kotikosteron da 11-diyoksikotisol da 21-diyoksikotisol duk 346 ne, kotison da firednisolon da aldosteron kuma duk 360. Da yawa daga cikinsu ma gutsattsari iri ɗaya suke bayarwa idan an fasa su, don haka abin da zai raba su shi ne lokacin da kowanne ya fito daga kolom. An fi amfani da kolom na C18, amma kolom na bayifenil ya fi iya raba waɗannan masu nauyi ɗaya. Ruwan da ke tura samfur iri biyu ne, ruwa tsantsa da metanol, da ɗan asid na fomik kashi 0.1 cikin 100, ana farawa da metanol kamar kashi 40 zuwa 50, a riƙa ƙara shi sannu a hankali har ya kusa kaiwa 100 domin a wanke kolom. Kotisol yakan fito da wuri, testosteron da 17-OHP a tsakiya, firojesteron a ƙarshe. Kafin a fara aiki da jinin majiyyata, a sayi tsantsar kowane ɗaya daga cikin masu nauyi ɗayan nan, a tura su ɗaya bayan ɗaya, sannan a tura su a haɗe, a ga da ido cewa tsaunin kowanne, wato tudun da siginarsa ke zanawa a allon na'ura, ya sauka ƙasa kafin na gaba ya tashi. Idan hakan na buƙatar minti 10 maimakon 5, a ba shi minti 10. Yaron da ake zargin yana da cutar CAH, cutar gado da ke hana jiki ƙera kotisol yadda ya kamata, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 nata rashin enzayim na 21-haidiroksiles ne ke kawo ta, 17-OHP ɗinsa da 21-diyoksikotisol ɗinsa ne za su nuna hanya, kuma maganin da zai sha tsawon rayuwarsa ya rataya a kan wannan rarrabewa.

Abin da ya fito daga kolom yana shiga bakin na'urar awo, inda ake fesa shi ta siririyar allura mai ɗauke da lantarki na dubban bolt, iskar naitirojin mai zafi ta busar da ɗigon, ƙwayoyin su fita ɗauke da caji. Wannan dabarar feshin ce ta sa John Fenn ya sami kyautar Nobel a 2002. A ciki akwai matatai biyu da ɗakin karo a tsakaninsu. Matatar farko tana barin nauyi ɗaya ne kawai ya wuce, a ɗakin karo ana fasa shi da iskar agon ko naitirojin, matata ta ƙarshe kuma ta zaɓi gutsuren da aka umarce ta. Ga testosteron, ana zaɓar 289 a farko, sannan 97 da 109 a ƙarshe. Androstenedayon 287 ne, 17-OHP 331, firojesteron 315, kuma dukansu suna ba da 97 da 109. Kotisol 363 ne, gutsurensa 121. Waɗannan duk da cajin fozitif ake bin su, amma aldosteron ya fi fitowa da cajin nagatif, daga 359 zuwa 189, haka ma estradayol daga 271 zuwa 145. Estradayol yana da wuyar ɗaukar caji, shi ya sa ake ƙara ɗan amoniyam fulorayid a ruwan turawa, ko a haɗa shi da dansil kulorayid kafin a tura shi, sai a bi shi daga 506 zuwa 171. Kowane homon a bi masa gutsattsari biyu, ɗaya na lissafi, ɗaya na tabbatarwa, domin rabon da ke tsakaninsu ba ya canzawa idan homon ɗin shi kaɗai ne. Idan rabon ya kauce da fiye da kamar kashi 20 cikin 100 daga na ma'aunan daidaitawa, wato samfuran da aka san adadin homon ɗin da ke cikinsu, akwai wani abu da ya ɓuya a ƙarƙashin tsaunin, kuma bai halatta a fitar da wannan sakamako ba sai an bincika.

Ma'aunan daidaitawa ana haɗa su mataki shida zuwa takwas, daga ƙasa da abin da ake samu a jinin yaro har sama da na namiji baligi, a cikin siram ɗin da aka cire masa homon da gawayi. A lissafin layin a ba ƙananan matakai nauyi da tsarin 1/x, in ba haka ba manyan matakai za su ja layin su ɓata ƙasan, alhali ƙasan ne dalilin sayen na'urar. Kowane zubi na aiki ya ƙunshi samfuran sa ido mataki uku, ƙarami da matsakaici da babba, waɗanda ba daga kwalbar da aka haɗa ma'aunan daidaitawa suka fito ba, a riƙa zana su a jadawalin Levey-Jennings, wanda ke nuna yadda sakamakonsu ke hawa da sauka daga zubi zuwa zubi. Bayan ma'auni mafi girma a tura ruwa fanko domin a ga ko wani abu ya maƙale a allura. Ƙasan iyakar awo shi ne inda bambancin maimaici bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, kuma duk abin da ya gaza wannan a rubuta shi da alamar ƙasa da kaza. Ƙa'idar C62 ta CLSI, cibiyar da ke tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaje-gwaje, ta yi bayanin tabbatar da irin wannan hanya, hukumar NIST ta Amurka tana da siram na ma'auni mai lamba SRM 971a, kuma shiga shirin gwajin ƙwarewa na waje yana cikin abin da ISO 15189, ƙa'idar ingancin ɗakunan gwaje-gwaje na asibiti ta duniya, ke nema.

Ita kanta na'urar tana da buƙatun da ya kamata a yi lissafinsu kafin a sa hannu a takardar saye. Cikinta babu iska, famfuna ne ke riƙe ta haka dare da rana, kuma idan wuta ta ɗauke ba zato, iska ta shiga, sai an yi awanni da yawa ana zuƙewa kafin ta daidaita, ban da lahanin da famfon kan samu. Don haka sai da UPS mai ƙarfi da inbata ko sola da janareta a bayansu. Ɗakin yana son sanyi mara hawa da sauka, kamar digiri 20 zuwa 25, domin canjin zafi yana gusar da lokacin fitowar homon daga kolom. A lokacin hunturu ƙura tana toshe matatun injin samar da naitirojin da na famfuna, sai a rufe tagogi a ƙara yawan sharewa. Ruwa da metanol su zama masu darajar LC-MS, kada a wanke kwalabensu da sabulu, kada kuma mai shafa man da ke da sitiroyid ya taɓa kayan aiki ba safar hannu.

Wajen rubuta sakamako, a bayyana cewa da LC-MS/MS aka yi gwajin, domin lambobinsa sukan yi ƙasa da na imunoase, kuma likitan da ya kwatanta su da tsohuwar iyaka zai ruɗe. A kula da ma'auni: testosteron a ng/dL ana ninka shi da 0.0347 ya koma nmol/L, kotisol a µg/dL ana ninka shi da 27.6. Iyakar 264 zuwa 916 ng/dL da aka wallafa a 2017 ta maza ce masu shekara 19 zuwa 39 marasa ƙiba a Amurka da Turai, don haka kowane ɗakin gwaji ya gwada ta a kan aƙalla mutum 20 masu lafiya na yankinsa kafin ya ɗauke ta, idan kuma zai kafa tasa, sai da mutum 120. Abin da na'urar ta auna jimilla ce, da wanda ke manne da furotin da wanda ke sake, shi ya sa ake haɗa testosteron da gwajin SHBG, furotin ɗin da ke ɗaukar testosteron a jini, idan lamba ta tsaya a kan iyaka. A gwajin danne kotisol, inda ake shan miligiram 1 na deksametason da ƙarfe 11 na dare a ɗebi jini da 8 na safe, ana sa ran kotisol ya sauka ƙasa da 50 nmol/L, kuma wannan na'ura tana iya auna deksametason ɗin a samfur guda, a san ko an sha maganin da gaske.

Ina ba da shawara mai ƙarfi cewa duk wanda zai kafa wannan gwaji a yankinmu ya saka firednisolon da deksametason da betametason cikin jerin abin da na'urar ke nema, ko da likita bai nema ba. Idan kotisol na safe ya fito ƙasa ƙwarai kuma ga tsaunin ɗaya daga cikinsu, kada a jira majiyyaci ya zo karɓar takarda. A kira likitan a ranar, a gaya masa abin da aka gani, domin wanda ya daɗe yana shan irin wannan magani, jikinsa ya daina samar da nasa kotisol, kuma idan ya yanke shan sa lokaci guda zai iya faɗawa cikin suma da faɗuwar hawan jini mai kisa. Rage maganin sai a hankali, a ƙarƙashin kulawar likita.